Rummaniyya: Gidan Gonar Ƙurɗuba da Tafkinsa Ya Shekara Dubu a Tsaye

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk lokacin da aka ambaci Andalus a majalisunmu, abin da ke fara zuwa zukata shi ne babban masallacin Ƙurɗuba da fadar Alhamra ta Garnaɗa, sai kuma littattafan da muka gada daga malamanta: Muwaɗɗa ta riwayar Yahaya ɗan Yahaya Allaisi, da tafsirin Ƙurɗubi, da Ishiriniyar Alfazazi wadda har gobe ake rerawa a zaurukanmu. Kaɗan ne daga cikinmu ke tambayar inda hatsi da mai da 'ya'yan itacen da suka ciyar da wannan birni suke fitowa. Amsar tana bayan ganuwa, a cikin gidajen gona da suka kewaye Ƙurɗuba. Yawancinsu sun ɓace, sunayensu kawai suka rage a littattafai. Ɗaya daga cikinsu, wanda ake kira Rummaniyya, ya saura a doron ƙasa gwargwadon da za a iya auna shi a fahimci yadda aka tsara shi. A kansa za mu yi magana a yau, domin duba abin da ya tsaya daga cikin gininsa da abin da ya rushe yana da fa'ida ga duk mai gona da duk magajin gida.

Abin da Andalusawa ke kira munya

Munya, a harshen mutanen Andalus, gida ne da ake ginawa a wajen gari a tsakiyar gona. Yana haɗa wurin hutun mai shi da lambu da gonar hatsi da turken dabbobi da ɗakunan ma'aikata, duka a cikin katanga ɗaya. Kalmar ta wanzu a harshen Sifaniya har yau, suna cewa almunia.

Wanda ya fara kafa wannan al'ada a Ƙurɗuba shi ne Abdurrahman Addakhil, jikan Halifa Hisham ɗan Abdulmalik, wanda ya tsira daga kisan da Abbasiyawa suka yi wa danginsa a Sham, ya kafa mulkin Banu Umayya a Andalus a shekarar 756 miladiyya. Ya gina gidan gona a arewa maso yammacin birnin, ya sa masa suna Rusafa don tunawa da Rusafar kakansa da ya baro a Sham, ya kuma aika aka kawo masa iri da dashe daga gabas. Daga cikin abin da aka kawo akwai wani nau'in rumman da wani mutum mai suna Safar ya yi renonsa har ya karɓi ƙasar, aka riƙa kiransa rumman safari, ya bazu a Andalus. Sarakunan da suka biyo baya da manyan fadawansu suka ci gaba da gina irin waɗannan gidaje, kamar Munyatu Nasr da Munyatun Na'ura a gefen kogin da Larabawa suka kira Wadil Kabir.

Dakali huɗu a gindin tsauni

Rummaniyya tana yammacin Ƙurɗuba da kimanin kilomita 10, a gindin tsaunukan Siyera Morena, gaba kaɗan da Madinatuz Zahra, birnin sarauta da Halifa Abdurrahman Annasir ya gina. Sunanta ya samo asali daga wani rafi da ke kusa, Wadir Rumman, wato kwarin rumman. An gina ta wajajen shekarar 965, a zamanin Halifa Hakam Almustansir, wanda ya yi mulki daga 961 zuwa 976.

Wurin da aka zaɓa gangare ne, kuma kowane manomi ya san halin gangare: ruwan sama yana zuwa da ƙarfi, ya kwashe ƙasa mai taki, ya bar tsakuwa. Sai maginan suka yanka gangaren suka mai da shi dakali huɗu, wani a bisa wani kamar matakala. Kowane dakali an tare bakinsa da katangar sassaƙaƙƙen dutse, an cike bayanta da ƙasa har ta daidaita. Faɗin kowanne ya kai kimanin mita 150. Uku na ƙasa su ne wurin shuka, na sama kuma a kansa aka yi gine-gine da tafki.

Yadda aka jera duwatsun katangun shi ne salon da aka san maginan Ƙurɗuba da shi a wancan ƙarni: a kwantar da dutse ɗaya a tsawonsa yana kallon waje, sannan a cusa waɗansu da kawunansu zuwa cikin katangar, domin su ɗaure fuskarta da cikinta. Katangar da aka yi haka tana jure nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ke tura ta daga baya. Shi ya sa har yau mai tsayawa a ƙasan gonar yake iya ganin layin dakalan.

Ajiye gida a can sama yana da dalilai na aiki. Mai gida yana hangen gonarsa duka daga ƙofar ɗakinsa, iska ta fi kaɗawa a can, kuma wuri mai laushi da daɗin noma an bar wa shuka. Bayan fiye da ƙarni uku, wani malami ɗan garin Almariya mai suna Ibnu Luyun, wanda ya rasu a 1349, ya wallafa waƙa a kan ilmin noma, inda ya shawarci mai gina gida a lambu da ya zaɓi tudu, ya fuskantar da gidan kudu, ya kuma sa rijiya ko tafki a wurin da ya ɗara sauran gonar tsawo. Abin da ya rubuta, maginan Rummaniyya sun riga sun aikata shi da dutse.

Tafkin da komai ya dogara a kansa

Mafi girman abin da aka gina a Rummaniyya shi ne tafkin ruwa. Tsawonsa kusan mita 50 ne, faɗinsa ya kusa 30, zurfinsa kimanin mita 4, kuma an ƙiyasta yana ɗaukar wajen lita miliyan 4. Yana cikin manyan tafkunan gini da suka saura daga zamanin Musulmi a Andalus. An zagaye shi da kakkaurar katangar dutse, kuma daga jikinta aka fito da duwatsu masu ɗauke da ƙananan bakan gizo, a kansu aka shimfiɗa hanyar da mutum zai bi ya kewaye tafkin yana tafiya a bisa ruwa.

Dalilin wannan ɗawainiya yana cikin yanayin ƙasar. A Ƙurɗuba ruwan sama yana sauka ne a lokacin sanyi da kafin shigowar zafi, watannin zafi kuwa busassu ne ƙarau, kuma zafin birnin yana cikin mafi tsanani a nahiyar Turai. Wanda bai tara ruwa a lokacin da yake samuwa ba, zai zuba ido itatuwansa su ƙone. Maginan sun haɗa hanyoyin ruwa fiye da ɗaya zuwa tafkin: abin da ke gangarowa daga kwarin tsauni, da abin da ke tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙasa wanda aka yi wa hanya ta cikin dutse. Idan ɗaya ta ja baya, ɗaya tana nan.

Da yake tafkin yana sama da dukan dakalan shuka, ba a bukatar jigo ko dabbar da za ta juya na'urar ɗebo ruwa. Ana buɗe mafita, ruwa ya bi magudana da nauyin kansa, ya shayar da dakali na farko, ya sauka zuwa na biyu, ya kai na uku. Ɗalibin fiƙihu zai tuna a nan cewa Shari'a ta bambanta gonar da ruwa ke isa gare ta da kansa da wadda ake ɗebo mata da wahala: ta farko zakkarta ɗaya bisa goma ce, ta biyu rabin haka. Zai kuma tuna hukuncin da Imam Malik ya kawo game da rabon ruwan kwari, cewa na sama yana tare ruwa gwargwadon ƙa'ida sannan ya sakar wa na ƙasa. Andalusawa Malikawa ne kamar mu, kuma waɗannan babuka a wurinsu hukuncin yau da kullum ne tsakanin maƙwabta. Zurfin tasirinsu a harkar ban ruwa ya sa har yanzu manomin Sifaniya yana kiran tafki alberca, magudana acequia, na'urar ɗebo ruwa noria, dukansu kalmomin Larabci ne: birka da saƙiya da na'ura.

Ilmin ma bai tsaya a hannun manoma kaɗai ba. A shekarar 961 aka shirya wa Halifa Hakam littafin da aka fi sani da Kalandar Ƙurɗuba, wanda ya bi watannin shekara ɗaya bayan ɗaya yana bayanin lokacin shuka da dashe da aure tsakanin itatuwa da girbi. Daga baya aka sami Ibnu Bassal a Ɗulaiɗila da Ibnul Awwam a Ishbiliya, kowanne da littafinsa a kan noma.

Zauren da ke tsakanin ruwa da lambu

A bakin tafkin ta kudu, a kan katangar da ta tare ruwan, aka gina wani zaure na karɓar baƙi. Bangonsa biyu a buɗe suke da bakan gizo a kan ginshiƙai. Wanda ya zauna a ciki, in ya dubi arewa sai ya ga shimfiɗar ruwa da tsauni a bayansa, in ya juya kudu sai ya ga dakalan lambu suna sauka a ƙarƙashinsa, can nesa kuma ga kwarin Wadil Kabir. Iskar da ta ratso kan ruwa tana shiga ta wannan gefe ta fita ta wancan, ta sanyaya wurin ba tare da mafici ba.

Ban da wannan zaure, akwai ɓangaren zama mai ɗakuna da farfajiya, da dogayen ɗakuna na hidima. An yi wa wurin ado da marmara sassaƙaƙƙe. Gutsattsarin da aka tono, har da kwatarniyar ruwa ta marmara mai zanen ganyaye da kawunan dabbobi, suna gidan adana kayan tarihi na Ƙurɗuba. Zauren kansa tushensa kawai ya rage, sai masana ne suka zana kamanninsa a takarda daga abin da suka auna.

Ma'ajin da ya gina, da Halifan da ya karɓa

Wanda ya gina Rummaniyya shi ne Durri Assagir, ɗaya daga cikin manyan barorin fada da ake kira Saƙaliba, waɗanda asalinsu bayi ne da aka kawo daga ƙasashen Turai aka rene su a fada har suka riƙe manyan muƙamai. Durri ya riƙe muƙamin ma'aji. Sunansa yana rubuce a jikin wata 'yar batta ta hauren giwa da aka sassaƙa a shekarar 964 domin Subh, mahaifiyar 'ya'yan Halifa, a matsayin wanda aka yi aikin a ƙarƙashin kulawarsa. Battar tana birnin Madrid a yau.

Labarin gidan ya iso gare mu ta hannun masanin tarihi Ibnu Hayyan a littafinsa Almuƙtabis, inda ya ɗauko daga Isa Arrazi wanda ya rayu a zamanin. A shekarar 362 ta hijira, daidai da 973, Durri ya ba Halifa Hakam kyautar gidan da duk abin da ke cikinsa: lambuna, gonaki, shanun noma, dabbobin ɗaukar kaya, da bayi maza da mata. Halifa ya karɓa, ya kuma bar Durri a matsayin wakili mai kula da wurin. A watan Sha'aban na wannan shekara Durri ya shirya walima a gidan, Halifa ya zo daga Madinatuz Zahra tare da ɗansa Hisham da iyalinsa. An tanadi ɗakunan kwana, amma da yamma ta yi Halifa ya koma fadarsa.

A cikin wannan shekarar ce kuma littafin ya ambaci cewa Halifa ya yi fushi da Durri a kan yadda ya tafiyar da aikinsa, aka sauke shi, sai daga baya aka yafe masa da ceton Yarima Hisham. Masana tarihi da dama suna ganin kyautar da fushin suna da alaƙa. Hisabin abin da ke tsakaninsu yana wurin Allah. Abin da ya bayyana gare mu shi ne, mutumin da ya zuba dukiyarsa da tunaninsa a wannan gida bai cika shekara goma yana mallakarsa ba, ya koma mai yi wa wani tsaronsa. Mai riƙe da baitulmali kuwa, a kowane zamani, idon jama'a yana kan duk tubalin da ya ɗora, kuma yana da kyau ya shirya amsar inda ya samo shi tun kafin a tambaye shi.

Akwai kuma waɗanda littafin ya lissafa tare da shanu da alfadarai, wato bayin da suka yi noman gonar suka kula da magudanunta. Ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Adalci ne idan muna yabon kyan wurin mu tuna da hannayen da suka riƙe shi.

Ya dace mu ajiye wani gidan gona na Ƙurɗuba kusa da wannan don kwatanci. Tun a zamanin Sarki Hakam na farko, wanda ya yi mulki daga 796 zuwa 822, wata mata daga gidansa mai suna Ajab ta kafa munya a ƙetaren kogi, ta yi waƙafin amfaninta ga kutare. Gonar Durri ta tafi ga mai mulki don neman yardarsa, gonar Ajab ta tafi ga marasa lafiya da mutane ke gudu. Gininta ya ɓace, amma duk littafin da ya ambace ta da wannan alheri yake ambatonta.

Rushewa da ɓatan suna

Halifa Hakam ya rasu a 976, shekara uku bayan walimar. Ɗansa Hisham ya hau yana yaro, mulki ya koma hannun Muhammadu ɗan Abi Amir, wanda aka fi sani da Almansur. A 1009 fitina ta ɓarke a Ƙurɗuba, aka wawashe Madinatuz Zahra da gidajen gonar da ke kewaye da ita, a 1031 halifancin ya ƙare gaba ɗaya. Daga gina Rummaniyya zuwa ɓarkewar fitinar bai kai shekara 50 ba. A 1236 birnin ya faɗa hannun Sarki Farnando na uku na Ƙashtala. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Aka kwashe marmara, rufi ya rufta, ƙasa ta binne tushen ɗakuna. Manoman da suka zo daga baya sun ci gaba da amfani da dakalan, domin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai riƙe ruwa ba ta da ranar daina amfani, tafkin kuma ya fi ƙarfin mai ɗibar dutse. Sunan wurin dai ya fita daga bakin mutane.

A 1910 wani masanin gini ɗan Sifaniya, Ricardo Velázquez Bosco, ya tona kufan, ya zaci Amiriyya ce, gidan gonar Almansur. Da wannan suna aka ci gaba da kiran wurin har 1984, lokacin da masanin Larabci Manuel Ocaña ya gwada abin da ke ƙasa da abin da Ibnu Hayyan ya rubuta, ya nuna cewa Rummaniyya ce. Shekara 74 ke nan gidan yana amsa sunan wani, kuma abin da ya dawo masa da nasa shi ne 'yan layukan da wani marubuci ya ga ya dace ya ajiye. Daga 2006 masana daga cibiyar binciken kufai ta Jamus tare da takwarorinsu na Sifaniya suka shafe shekaru suna aunawa da tonawa, daga aikinsu aka san yawancin abin da muka bayyana game da tafkin da zauren.

Wani abin takaici ya auku a tsakanin waɗannan shekaru. A cikin shekarun 1920, mai gonar na lokacin ya gina sabon gida a kan dakalin sama, aikin ya cinye babban ɓangare na tushen ɗakunan da aka tono a 1910. Abin da ya kwana shekara 900 a ƙarƙashin ƙasa lafiya, ya salwanta cikin ɗan lokaci a hannun wanda ya mallake shi da takarda. Da ba don zanen da mai tonon farko ya bari ba, da ba a san tsarin wannan ɓangare ba.

Abin da ya rage a wuyan magada

Idan muka tattara labarin, za mu ga mai ginin ya rabu da gidan tun yana raye, Halifan da ya karɓa ya bi bayan shekara uku, daular ta wargaje, ado ya koma gutsattsari a cikin akwatin gilashi. Abin da ya tsaya a wurinsa shi ne aikin da aka yi wa ruwa da ƙasa. Hadisin Anas da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya sanya abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi a cikin sadakarsa, kuma malamai sun lissafa rijiya da gudanar da ruwa cikin ayyukan da ladarsu ke bin mutum kabari. Mai shirin gina gida a gonarsa zai amfana idan ya fara da tambayar inda ruwa zai fito, inda zai taru, da wanda zai sha bayansa, kafin ya shiga zaɓen fenti da tayil.

Waɗanda kuma Allah ya sa tsohon gidan gona na iyaye ya faɗo hannunsu, barazanar da ta ci rabin Rummaniyya ita ce ke ƙofarsu, kuma ginin ƙasa bai kai na dutse haƙuri ba: damina biyu ko uku babu yaɓe, indararo ya toshe, sai azara ta fara ruɓewa. Rabon gado umarnin Allah ne, babu mai ja da shi. Amma Shari'ar da ta wajabta shi ita ce ta buɗe ƙofar sulhu tsakanin magada, a yi wa gida ƙima wani ya saya ya biya 'yan'uwansa, ko su yarda baki ɗaya su bar rijiya da itatuwan da ke kanta waƙafi. In ma rushewar ta zama dole, a tanadi abin da ya ceci Rummaniyya: a zauna da dattawan gida tun suna raye, a rubuta wanda ya kafa gandun, da maginin da ya ɗaura soron, da shekarar da aka haƙa rijiyar, a auna zaure da rumbuna, a ɗauki hotonsu. Wannan aiki ne da ɗalibi ɗaya a cikin dangi zai iya gamawa a hutu ɗaya da littafi da wayar hannu.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka raya ƙasa, ya sanya albarka a gonakinmu da ruwanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar abin da muka gada. Amin.